Malmalar da Inna Ke Rufewa

Lokacin yaƙin basasa muna Fagam, ni yarinya ce mai shegen ci. Da an idar da sallar isha'i sai mu zagaye murhun kakata, Inna Dije, muna tura gyaɗa cikin toka. Autanta, Baffa Sale, ya shiga soja, aka ce an kama shi a bakin daga. Daga nan shiru.

Abin da ke ba ni haushi da Inna guda ne. Kullum sai ta rufe malmalar tuwo a akushi ta ce ta baƙo ce, ko da kuwa mu ba mu ƙoshi ba. Ranar da na kai hannu, ta buge shi da muciya.

"Takwara, zauna. Ga ta nan, ke na kawo wa."

Wai an yi wani azzalumin mai mulki wanda ko ɗansa bai taɓa yi wa murmushi ba. Ya tura ɗan yaƙi, abokan gaba suka kama shi. Suka aika ya sako musu sarkin yaƙinsu da ke hannunsa, su ba shi ɗansa. Uban ya ce ba ya musayar ingarma da jaki. Mutanen garin da aka tsare ɗan suka taru za su huce haushin uban a kansa, sai wata tsohuwa, wadda azzalumin ya kashe wa ɗa, ta ratso taron ta miƙa masa tuwo. Ya ci. A garin kuwa ba a taɓa wanda ya ci tuwon gida.

"Inna, ba ta san ɗan waye ba ne?"

"Ta sani sarai. Uban ne ya yi laifi, yunwar kuma ta ɗan ce." Ta gyara itace a wuta. "Nawa ma yana hannun wasu. Ina ciyar da na mutane, ko Allah zai sa a ciyar min da shi."

Ban ƙara taɓa akushin ba, ko da yake na sha haɗiyar yawu.

Bayan yaƙi Baffa Sale ya sauka daga motar Birnin Kudu, ya rame har sai da ya yi magana muka gane shi. Ya ce wata tsohuwa da ba ya jin yarenta ce ta riƙa turo masa dafaffen rogo ta ƙarƙashin wayar shingen da aka tsare su. Inna ba ta yi mamaki ba, kuka kawai ta yi.

Yau ni ma ina rufe malmala guda. Jikokina suna cewa rowa ce. Ina barinsu su faɗa, don ban san ɗan wa zai yi sallama ba.