Ƙwaryar Daddawar Yaya Asabe

Waɗanda suka janye tallafin maganin cuta mai karya garkuwar jiki ba su kyauta ba, kuma ba zan tausasa harshe ba. Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Asabe, Allah ya jiƙanta, amma bana na fi jin rashinta.

Daddawa take sayarwa. Ranar kasuwar Karaye sai ta biya asibiti ta karɓo wa wasu mata maganinsu, ta ƙulle a leda da zare, ta binne a ƙasan ƙwaryar daddawa, ta bi gidaje har Zoza tana talla. Ba ta yi karatu ba, da launin zare take gane na kowa. Ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, na taɓa cewa ta kawo in rubuta mata sunaye. Ta harare ni ta ce, "Ke 'yar boko, so kike ki tona musu asiri? Wa zai tura hannu cikin wannan wari?"

Bayan ta rasu, wata ma'aikaciya ta ci gaba da kaiwa, ana biyanta da kuɗin ƙasashen waje. Kuɗin sun tsaya, an sallame ta. Yanzu kowace mace sai ta zo da ƙafarta, ta zauna a bencin da duk gari ya san na su wa ne.

Kwanakin baya wata bazawara daga Zoza, cikin matan da Yaya ke kai wa magani, ta same ni a gida. Ta girgiza min robar maganinta, saura 'yan ƙwayoyi. Ta ce, "Inna, an sa wa 'yata rana. In aka gan ni a bencin nan, auren ya mutu. Gwamma in haƙura da maganin."

Da Yaya na raye me za ta ce? A rediyo ana ta faɗin lafiya haƙƙin kowa ce. Wane irin haƙƙi ne wanda wani can bayan teku zai sa hannu ya ɗauke? Namu shugabannin kuma suna ina? Tsorona kar wata mai zuwa maganin kansa ya yanke.

Yaya ba ta bar gida ko gona ba. Ƙwarya ta bari.

Washegari da safe na sauko da ita daga kan rumbu na wanke, na sari daddawa wurin maƙwabciyata, na sa katin asibitin da matar nan ta bar min a lalitata. Ban san ko za su yarda su ba ni maganinta ba. Na tsayar da ɗan acaɓa na ce, "Asibiti, ɗan nan. Ka bi a hankali, da kaya a kaina."