Rigar da Aka Ɗinka wa Jirgin Kang Diran

Shekara goma sha tara ke nan ina soya tempe, wato wainar waken soya, da ayaba a rumfata da ke bakin teku, kuma a duk masu fatsar da suka taɓa zama kan bencina suka sha kofi, babu wanda ya kai Ngadiran iya jifa. Kang Diran muke ce masa, wato Yaya Diran. Aikinsa na ainihi raba wasiƙu ne. Ya yi shekara talatin da ɗaya yana zagaya ƙauyukan kudancin Jawa a kan babur, har kajin kowane gida sun san ƙarar injinsa. Amma in ka tambaye shi sana'arsa, sai ya ce maka shi mai fatsa ne, wasiƙu kuwa abin da yake rage lokaci da shi ne kafin Lahadi ta zo.

Tekunmu ba ya wasa. Igiyar ruwa tana karyewa ne can nesa da gaɓa, kifin kirki kuma yana bayanta, saboda haka wanda bai iya wurga ƙugiya da dalma ta tsallake farin kumfa ba, rana kawai ya zo sha. Kang Diran yakan ja da baya taku biyar, ya rugo, ya lanƙwasa sanda, sai ka ji zare yana kuka a iska. Sau nawa na bar ayaba ta ƙone ina kallonsa, ban kuma taɓa jin haushin asarar ba.

Ƙungiyarsu ta masu fatsar Lahadi mutum goma sha huɗu ce, allonsu kuma a rumfata yake rataye. Gefe guda sunayen 'yan ƙungiya, ɗaya gefen sunan duk wanda ya kama kifin da ya haura kilo biyar. Shugabansu Pak Tukijan ne, wato Malam Tukijan, tsohon hedimasta, abokin Kang Diran tun suna aji ɗaya. Mutum ne da ko atishawa za ka yi sai ya nemo mata sashe a cikin ɗan littafin dokarsu. Shekara arba'in yana jifa kafaɗa da kafaɗa da Kang Diran, bai taɓa kamo shi ba, Kang Diran kuma bai taɓa barinsa ya manta ba.

"Jan, ƙara ƙoƙari kaɗan, wataƙila yau ƙugiyar ta jiƙe."

"Bakinka ya fi hannunka nisa, Diran."

Ni na fara lura da cewa akwai matsala. Mutumin da ya saba fizgar kofi da dama, sai ga shi yana lallaɓa shi da hagu. Ya yi fashin Lahadi biyu, wai babur ne ya lalace. A kasuwa matarsa Ponirah ta ja ni bayan masu sayar da kwakwa ta gaya mini gaskiya. Likita ya ce jijiyar kafaɗarsa ta dama ta tsinke, hannun ba zai ƙara wuce ƙirji ba.

"Yu Sarmi, ki rufa mana asiri," in ji ta, don haka ake kirana, wato Yaya Sarmi. "Ya ce gara a ji ya mutu da a ji ya kasa jifa."

Na san abin da yake tsoro. Dokarsu ta farko ta ce duk wanda ya daina iya jifa ya zama dattijon ƙungiya. Sai a ba shi wuri a inuwar rumfata, a riƙa miƙa masa shayi yana kallon bayan mutane. Dattawa biyu na gani an yi wa wannan karamcin, kuma babu wanda ya kai wata uku yana zuwa. Kang Diran so yake ya ci gaba da tsayawa a layi, ƙafarsa cikin baƙin yashi, sanda a hannu. Bai nemi komai bayan wannan ba.

Lahadi ta uku sai ga shi da kwali a bayan babur. 'Yarsa Wartini, wadda ke jinyar wata tsohuwa a Taiwan, ita ta aiko masa da ɗan jirgi maras matuƙi, mai farfela huɗu, da wani ɗan maƙali a cikinsa wanda ke ɗaukar ƙugiya ya kai ta tsakiyar ruwa ya saki.

"Zamanin jifa ya wuce, 'yan ƙauye," in ji shi, yana buɗe kwalin da hagu. "Ni na shiga gaba, wanda ya ga dama ya biyo ni."

Abin da ya fito daga kwalin kore ne shar.

Duk wanda ya girma a nan ya san ba a zuwa bakin wannan teku da kore. Launin Sarauniyar Teku ne. Wanda ya sa shi ya nuna yana neman aiki a fadarta, ita kuwa ba ta taɓa cewa babu gurbi ba. Dukkanmu muna salla, liman ma ya sha gaya mana cewa tatsuniya ce, amma ban taɓa ganinsa da koriyar hula a kan yashin nan ba. Wartini ta yi shekara goma sha ɗaya a waje, ga alama abin ya fita daga kanta.

Lahadi uku aka yi ana taro a rumfata, babu wanda ya jefa ƙugiya, ni kuwa na sayar da tempe kamar ranar biki. Giyanto mai aski shi ya fi kowa zafi.

"Wannan ba fatsa ba ce, aiken wasiƙa ne! Mutumin nan bai bar aikin gidan waya ba, yanzu kifi yake kai wa saƙo har ƙofar gida."

"To sandarka fa?" in ji Kang Diran. "Ta Japan ce. Lokacin cikar teku a waya kake dubawa. Kakanka da gora ya yi fatsa, ka koma gora mana."

"Kakana bai kai ƙugiya inda iyayen kifi ke zuba ƙwai ba. Can ne kaɗai suka tsira daga gare mu, Kang. In kowa ya sayi wannan abin, jikokinmu hoton kifi za su soya."

A nan Giyanto yana da gaskiya, na kuma san yana da ita. Na yi shiru ne kawai saboda abin da na sani wanda shi bai sani ba.

Daga ƙarshe Pak Tukijan ya gyara tabarau, ya buɗe littafinsa, ya yanke hukunci. Doka ta ce kifi na ɗan ƙungiyar da ya kai ƙugiya ruwa ne. In wanda ya kai ta ba ɗan ƙungiya ba ne, kamar baƙo ko iska, to kifi ya koma ga mai sanda. Don kada Kang Diran ya cika allo da sunansa a banza, za a yi wa jirgin rajista a matsayin ɗan ƙungiya na goma sha biyar, duk abin da aka kama kuma nasa ne. Ƙugiya ɗaya zai kai a kowace Lahadi, saboda iyayen kifin Giyanto. Kang Diran zai tsaya a layi a matsayin mai riƙe masa sanda.

"Sannan kuma," in ji shi, "ɗan ƙungiya ba ya zuwa da kore. Sai ya sa riga."

Aka raɗa masa suna Mas Kinjeng, wato mazari, da Mas ɗin girmamawa a gaba kamar kowane saurayin kirki. Kang Diran ya fi kowa dariya, ya ce ya yarda. Ba shi da zaɓi, tunda hukuncin ya bar shi a kan yashi.

Ponirah ce ta ɗinka rigar da ragowar yadin batik ruwan ƙasa. Ta farko ta yi nauyi, jirgin ya tashi kamu biyu ya zauna. Ta biyu farfela ta cinye ta. Ta uku ce ta zauna daidai, mai huji huɗu da maɓalli uku a ƙasa, har da ɗan aljihu, don Ponirah ta ce ita ba ta iya ɗinka rigar namiji babu aljihu ba.

Haka aka shafe wata biyar ana rubutawa a allo. Mas Kinjeng, kilo bakwai. Mas Kinjeng, kilo tara. Mutane suka koma gaishe shi kafin su gaida mai shi.

"Mas Kinjeng, an tashi lafiya? Yaya batir?"

"Yu Sarmi, a ba Mas Kinjeng kofi, ni zan biya. Yaron gidansa ya sha masa."

Wata mata daga birni har ta tambaya ko yana da aure. Kang Diran yana ta dariya yana mayar da martani, amma in kowa ya watse nakan gan shi tsaye gaban allo, yana kallon inda tsohon sunansa ke dusashewa, don iskar teku ba ta barin alli. Abin yana ƙona mini rai. Sau biyu na ɗauki alli na sake bin haruffan bayan ya tafi.

Wata Lahadi a watan Agusta, iskar kudu tana kaɗawa da ƙarfi, Mas Kinjeng ya ɗauki ƙugiya ya tsallake kumfa ya yi nisa. Muna kallo sai muka ga wani abu ruwan ƙasa ya rabu da shi yana lilo a sama. Iska ta ɓalle maɓallan. Ga shi nan tsirara a saman teku, kore shar, rana tana haska shi.

"Innalillahi!" in ji Giyanto. "Ya tuɓe!"

Kang Diran ya danna abin saki, ƙugiya ta faɗa ruwa. Ya juyo da jirgin gida. Ya taho kaɗan, ya karkace, ya yi rawa, ya sunkuya, sai ruwa ya rufe shi. Wasu sun ce iska ce, Wartini daga baya ta ce batir ne, amma a ranar babu wanda ya yi shakkar cewa ya samu aiki a fada.

Ba mu gama salati ba sandar Kang Diran ta lanƙwashe har ta kusa sumbatar yashi. Ya yar da rimot ya cafke ta da hagu. Irin wannan kifi sai an ɗaga sanda sama da hannu biyu, a sauke, a naɗe zare, a sake ɗagawa.

"Ɗaga sandar, Diran!" in ji Pak Tukijan. "Ɗaga mana! Ka manta fatsa ne? Na ce ka ɗaga!"

Kang Diran ya yunƙura. Hannun dama ya taso zuwa ƙirji ya tsaya yana karkarwa, ya faɗo. Ya sake, ya sake faɗowa. Mutum goma sha uku suna kallo. Pak Tukijan ya buɗe baki zai sake ihu, sai ya rufe shi a hankali.

Doka ta hana taɓa sandar wani in kifi yana kai, don haka babu wanda ya matso. Kang Diran ya zauna daɓas a yashi, ya kafa dugadugansa, ya ɗora sandar a gwiwa, ya riƙa ja da baya a zaune, ya rarrafo gaba yana naɗe zare, ya sake ja. Kusan awa guda yana wannan aikin, wandonsa ya cika da yashi. Da igiyar ruwa ta turo kifin gaɓa, ƙato ne irin wanda muke kira kakap, sikeli ya ce kilo ashirin da ɗaya. Tun da aka rataye allon ba a taɓa ganin irinsa ba.

Aka taru a rumfata. Pak Tukijan ya ɗauki alli ya daɗe a tsaye, sannan ya rubuta: Marigayi Mas Kinjeng, kilo 21. Wallahi saura kaɗan in watsa masa man suya.

"Daidai ne," in ji Kang Diran. "Shi ya kai ƙugiyar." Ya hau babur ya tafi ko kofi bai sha ba.

A cikin makon mutane suka yi ta zuwa gidansa ta'aziyya, rabi da wasa rabi da gaske. Ponirah ta dafa shinkafa mai kurkum. Liman ya ce shi ba zai yi wa batir addu'a ba, amma ya ci faranti biyu.

Lahadin da ta biyo, Kang Diran ya zo da wuri. Ya jingina sandarsa da ginshiƙin rumfa, ya zauna a ƙarshen benci, wurin dattawa.

"Yu Sarmi, ba ni shayi."

Ban taɓa ba shi shayi ba a shekara goma sha tara. Ina zubawa sai ga Pak Tukijan ya shigo.

"Me kake yi a inuwa?"

"Doka ta ɗaya, Jan. Kai ka rubuta ta."

Pak Tukijan ya juya. Ya je gaban allo, ya lashi babban yatsansa, ya goge sunansa daga jerin 'yan ƙungiya, sunan da ke saman kowa tun ranar farko. Ya ciro littafin doka daga aljihu ya dangwara wa Giyanto.

"Na fita daga ƙungiya. Daga yau ni baƙo ne. Karanta musu, mai aski: in baƙo ya kai ƙugiya ruwa, kifin na wa?"

Giyanto ya duba. "Na mai sanda."

"To tashi, Diran. Rana tana yi."

Suka sauka yashi, Pak Tukijan yana ɗauke da sandar. Ya ja da baya taku biyar, ya rugo da 'yan ƙafafunsa, ya wurga da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Dalma ta tashi, ta faɗa daidai bakin kumfa, da ƙyar ta tsallake. Kang Diran ya daɗe yana kallon wurin.

"Shekara arba'in, Jan," in ji shi. "Har yanzu nan kawai?"

"Karɓi sandarka ka rufe mini baki."

Ya karɓa da hagu, ya gyara tsayuwa a layi tsakanin Giyanto da tsohon shugaba. Sai da na ji ƙauri na tuna akwai ayaba a wuta.