Yatsar Habboba

Jiya a Kasuwar Libiya ƙanshin man keken ɗinki ya bugi hancina, sai na tuna da kakata, Habboba, har na yi dariya ni kaɗai.

Shekarar da kwamitinmu na matan unguwar Alsahafa ya raba wa zawarawa kekunan ɗinki, mun yi biki, mun ɗauki hotuna, mun ce aiki ya kammala. Habboba ta ce, "Ya binti, mai shuka yakan koma gona." Bayan wata uku ta sa na raka ta gida gida. Ba ta tambayar kowa komai. Za a kawo gahawa mai citta, tana kurɓa, sai ta shafa keken da yatsa ta duba. In mai ta gani, ta sa albarka. In ƙura ce, ta gyara zama sai ta gano dalili.

A wani gida muka tarar an lulluɓe keken, an jera kofuna a kai. Habboba ta miƙa wa matar allura da zare. Matar ta yi ta lalube, ta ce, "Wallahi Hajja, ramin ba na ganinsa."

Ashe tabarau kawai take bukata. Ranar da muka kai mata, zare ya shige a karon farko, Habboba ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Har yau kwamitinmu ba ya rufe aiki sai mun koma. Allah ya haskaka kabarinki, Habboba, yadda kika haskaka wa baiwar Allah nan ramin allura.