Hular da Ba Ta Shiga Kan Kowa Ba

A gidanmu na Unguwar Dosa, in an sauke tuwo bayan magariba, kakarmu Iya ba ta bari a kashe murhu. Sai ta jawo kujerarta, mu jikoki mu kewaye garwashin. Ni can baya nake raɓewa, don bahaguwa ce ni, kuma goggonmu Hanne ta fara ɗaure mini hannun hagu da ɗankwali, wai sai na koyi riƙe fensir daidai. Rubutu da hannun dama ya ƙi mini, har na soma tsanar makaranta.

Ranar da Iya ta ga ɗaurin, ba ta yi faɗa ba. Ta tura itace kawai, ta ce, "Ga wata tatsuniya nan tafe, ku matsa mata."

Wai wani mai gari ne ya so mutanensa su fito sallah da hula iri ɗaya. Maɗinkinsa ya bi gida-gida yana auna kawuna da zare, ya tara zarurrukan, ya fitar da matsakaici, ya ɗinka hulunan duka da shi. Ranar sallah, ta wani ta rufe masa ido, ta wani ta ɗare can ƙoli. Kowa ya ɗauka kansa ne ke da aibu. Masu manyan kai suka dinga matse nasu da tsumma, masu ƙanana suka cusa auduga. Sai wata mai daddawa ta tare maɗinkin, ta ce, "Malam, shi mai kan nan na daidai, a wace unguwa yake? In je in gaishe shi." Aka bincika gari kaf, babu shi.

Goggo ta leƙo daga madafa. "Iya, da ni kike, na ji."

"Ni da yara nake, Hanne. Ke hula gare ki?"

Muna cikin dariya Iya ta jawo ni, ta kwance ɗankwalin, tana murza mini yatsu. Ta ce, "Ci da dama, wannan addini ne. Fensir kuwa, bar wa hannun da ya san shi."

Ikon Iya a gida ya tsaya. A makaranta bulala ta ci gaba, ina aji uku na daina zuwa. Na daɗe ina ganin tatsuniyarta ba ta tsinana mini komai ba, sai da na haifi huɗu. Wannan surutu, wancan sai ya wuni bai ce uffan ba. Maƙwabta suna tambaya ko lafiyarsa ƙalau, na ga ban taɓa jin tsoron tambayar ba.

Bayan na yaye auta na shiga ajin yaƙi da jahilci a Abakpa. Malamar ta sa mini fensir a dama. Na yi mata godiya, na mayar da shi hagu a hankali, na rubuta sunana.