Lamba Biyun da Na Ba Baba

Har yau idan na tuna zaɓen da muka yi a unguwar Bani Malik sai in ji bakina ya yi ɗaci. Ƙungiyarmu ce ta 'yan gida mazauna Jidda, kuma aikin shugabanta guda ne: idan kafili, wato uban gidan da ya kawo mutum aiki, ya matsa wa ɗayanmu, shi ke tsaya masa. A shekarar akwai wani tela a unguwar Hindawiyya da kafilinsa ya riƙe masa fasfo, ga mahaifiyarsa kwance a Katsina tana ta kiran sunansa.

Mutum uku suka fito takara. Akwai wani injiniya mai kaifin baki da ya yi alkawarin kai maganar telan ofishin ƙwadago da ƙafarsa. Akwai ɗan garinmu, mutumin kirki, amma ko shi ya san ba zai ci ba. Sai Baba, dattijo haifaffen Jidda, wanda ya raɗa wa rabin 'ya'yanmu suna. Maganinsa na kowace cuta ɗaya ne: a yi haƙuri. Tun da na san shi ban taɓa jin ya ɗaga wa kafili murya ba.

Wani likita da ya yi karatu a Ostareliya ne ya kawo mana salon zaɓen. Ya ce kowa ya jera 'yan takara da lamba. Wanda ya zo ƙarshe a cire shi, a bi takardunsa a ba wanda aka sa na biyu. Ya ce iri biyu ne: ko a bar mutum ya tsaya inda ya ga dama, ko a tilasta masa cike duka, in ya bar gurbi takardarsa ta lalace.

Na miƙe na ce a bar mu da na ganin dama. Barin gurbi ba zagi ba ne, amma Bahaushe ya rubuta da hannunsa cewa dattijo ne na ƙarshe, wannan sai mara kunya. Likita ya yi murmushi irin na wanda ya ga duniya.

"Malam, tsari ne fa. In kowa ya rubuta ɗaya ya tsaya, ƙuri'u su mutu a banza ke nan."

Wani daga baya ya ce, "Halas, shi ke nan, a cike duka! Yalla, a yi sauri, shinkafa na hucewa."

Shinkafa ta yi nasara.

Bayan sallar Juma'a aka raba takardu, muna zaune a kan kafet gwiwa na gugar gwiwa. Na ba ɗan garinmu lamba ɗaya, don kada a ce ko na gida bai zaɓe shi ba. Saura biyu da uku. Na ɗaga kai, sai ga Baba yana jan carbi yana min murmushi, mutumin da ya ɗauki ɗiyata ranar suna. Na ce a raina ai injiniya ya riga ya ci, lamba biyu kara ce kawai, ba ta da haƙori. Na rubuta wa Baba ita.

A ƙirgen farko injiniya ne a gaba. Aka cire ɗan garinmu, aka shiga buɗe takardunsa. Baba. Baba. Baba. Ashe duk tunani ɗaya muka yi, kowa na ganin shi kaɗai ya yi kara. Baba ya wuce injiniya da tazarar da ba ta cika yatsun hannu ɗaya ba. Aka yi kabbara, waɗanda suka gama gulmarsa a mota su ne a gaba wajen sumbatar kansa. Likita kuwa sai washe baki yake wai tsari ya yi aiki. Ƙyama ta kama ni, tasu da tawa, ko loma ban iya kaiwa ba.

Da sati ya zagayo na raka tela gidan Baba. Ya saurare shi tsaf, ya tsiyaya masa shayi, ya ce, "Ya waladi, ɗana, kafili ba a ja da shi. Ka yi haƙuri, inshallah khair."

Tela ya yi haƙuri. Wata biyu bayan nan aka bugo daga Katsina. A shagonsa muka yi zaman makoki, tsakanin kekunan ɗinki, Baba ne ma ya ja addu'a. Da zan tafi telan ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Na gode, Yaya. Kai kam ka yi magana ranar nan, na san ba ka cikin waɗanda suka sa Baba."

Na ce masa Allah ya jiƙanta, na sa takalmina.