Ranar Da Na Kai Mota Tafkin Gwanki

Na yi tuƙi fiye da shekara arba'in, na ga abubuwa a hanya iri-iri, yawancinsu sun dushe a raina. Amma akwai tafiya ɗaya da ko tsufa ya cinye mini tunani ita ba za ta fita ba, wato ranar da na kai Turawa kallon gwanki.

Lokacin kuɗin man fetur ya shigo ƙasa da ƙarfinsa. Katsina ta cika da 'yan kwangila, duk inda ka juya siminti ne da sababbin motoci. Ni direba ne a wani kamfanin gina hanya, ina jan mota ƙirar jif, ina zaune a Ƙofar Guga tare da kawuna, wan mahaifiyata, maharbi ne da fari ya koro daga ƙauye. Shekarata ashirin da biyar, ga baƙin tabarau, ga agogo, ina jin duk garin babu kamata.

Sai injiniyanmu Bature ya yi baƙi daga ƙasarsu, wata mata da mijinta. Na kai su hasumiyar Gobarau, na kai su kasuwa, suka ce su fa namun daji suka zo gani. Ni da bakina da ba ya zama wuri ɗaya, na ce ai kawuna ya san inda gwanki ke shan ruwa.

Gaskiya na faɗa, sai dai ba tawa ba ce da zan faɗa. Maharban yankinsu Kawu suna da wani tafki a tsakiyar daji, yamma da gari, wanda ba ya ƙafewa da rani. Ba a harbi a bakinsa, ba a kai baƙo. Duk wanda ya je kuma, da ƙafa yake zuwa, in zai fito ya ja reshe a bayansa ya share sawunsa, don kada turba ta fito. Kawu ya ɗauki wannan alkawari a gaban manyan maharba tun yana saurayi, kuma da shi ake ganin girmansa ko bayan ya dawo birni.

Kwana uku ina lallashinsa.

"Kawu, mutanen nan ba su da ko danƙon harbin tsuntsu. Hoto kawai za su ɗauka."

"In sun ɗauki hoton, mi za su yi da shi?"

"Su nuna a ƙasarsu, a san muna da abin kallo. Wataƙila ma gwamnati ta sa masu gadi."

Ya dube ni ya ce, "Don ɗan 'yar'uwata ne kai. Amma mota ta tsaya gindin kuka, bakin burtali. Saura da ƙahwa."

Ƙarshen damina ne, ƙasa da sauran laushi. Da muka isa kukar, Kawu ya ce mu jira ya je ya duba iska, kada namun su ji warinmu. Ya shige ciyawa. Rana ta ɗaga, matar ta yi jajir, ga akwatunan kyamara masu nauyi. Sai mijin ya tambaye ni ko motar ce ba za ta iya shiga ba. Tambaya kawai ya yi, Allah ya sani, bai tilasta ni ba. Ni ne abin ya sosa wa girman kai. Na ce motar nan ko dutse hawa take. Na sa giya, na bi inda ciyawa ta kwanta, har na hango ƙyallin ruwa.

Kawu na tsugune bayan wata sabara. Ya juyo ya dubi motar, ya dube ni, ya ce a hankali, "Mi na hwaɗa maka?"

Kuma mun ga gwankayen. Sun fi goma, manya kamar dawakai, ƙahonsu ya lanƙwashe baya, ƙanana na bin iyayensu. Matar har hawaye ta yi. Suka yi ta ɗaukar hoto, suka yi ta godiya. Shi kuwa Kawu ya sari reshe ya hau sharar sawun taya. Tayar ta nutse har idon sawu, layi biyu tun daga burtali. Ya yi ta ja, gumi na zuba, har la'asar, ramin na nan yadda yake. Ina zaune a mota ina jin haushin yana ɓata mana lokaci. Wannan haushin shi ya fi ba ni kunya yau.

Aka wanke hotunan aka rataye a kulob ɗin kamfani. Kowa ya gani sai ya tambayi ina ne. Rani ya zo, sawun ya bushe ya zama hanya, ba a ma bukatar ɗan jagora. Da fari masu kyamara ne, daga baya masu sababbin bindigogi, 'yan kwangila da manyan ma'aikata, ran Asabar. Mutanen ƙauyukan kusa suka ga baƙi na son ƙaho da fata da 'ya'yan barewa, su ma suka shiga.

Wata yamma muna zaune ƙofar gida, wata a-kori-kura ta wuce, ƙafafun gwanki biyu na reto a baya, samari na ihu a kai. Kawu ya miƙe tsaye ya bi ta da ido har ta sha kwana, sannan ya shige ciki. Ranar bai ci tuwo ba.

Bayan sati, tsofaffin maharba uku suka yi sallama. Aka yi gaisuwa mai tsawo a zaure, ina zaune daga gefe. Babbansu ya ce, "Tambaya ɗaya munka zo da ita. Wa ya kai mota tabki?"

"Ni na kai," in ji Kawu.

Bakina da ba ya shiru, ranar ya yi shiru. Tsohon ya ce a kawo baka. Kawu ya ɗauko ya miƙa da hannu biyu, tsohon ya zaro wuƙa ya yanke tsirkiyar, ya ajiye bakan a ƙasa, suka tashi. Ko ruwa ba su sha ba. Daga ranar ba a ƙara kiran sa taron maharba ba. Ya ƙare yana gadin wani ɗakin ajiyar siminti. Kafin damina biyu tafkin ya zama na shanu kaɗai, baƙin ma suka daina zuwa, tunda babu abin kallo.

Sai da Kawu ya kwanta ciwon ajali na iya buɗe baki na roƙi gafara. Ya ce, "Nawa na yahe maka tun tuni. Amma ɗana, ba ni kaɗai ka yi ma laihi ba, kuma sauran ba ni iya yahe maka a madadinsu."

Tun daga nan na gane cewa ba sai mutum ya riƙe bindiga yake kisa ba, wani lokaci buɗe hanya kawai ya isa. Abin da magabata suka ɓoye, a tambayi dalili kafin a yi gwaninta da shi a gaban baƙo. Ni ban tambaya ba, kuma wanda ya ɗauki hukuncin ba shi ya tuƙa motar ba.