Bazawara Ta Goma Sha Bakwai

Shekara arba'in da ɗaya ina gyaran agogo a ƙarƙashin matakalar bene ɗaya. Kayan aikina gilashin ido ne, da ɗan hantsaki, da gwangwanin madara cike da ƙananan ƙusoshi. Karatuna aji uku ne, na ukun ma sau biyu na yi shi. Tun da waya ta fara faɗa wa mutane lokaci, na koma mai gadin matakala ba tare da kowa ya sa ni ba. Uwar 'ya'yana ta rasu shekara bakwai ke nan, gida ya yi mini faɗi.

A saman benen Auta, 'yata ta ƙarshe, take aiki da abokanta biyu, Dogo mai rubuta wa kwamfuta umarni, da Mai Zane. Manhajar waya suke haɗawa ta masu neman abokin zama. Wata safiya suka sauko suka tsaya a kaina.

"Baba, gwaji za ka yi mana," in ji Auta. "In ka iya amfani da ita, to kowa ma zai iya."

"Yabo ne fa, Baba," in ji Dogo.

Na ce na ji.

Na yi musu amfani kuwa. Babban yatsana yana danna maɓalli biyu lokaci ɗaya, Mai Zane ya ƙara musu girma. Kafin in gama rubuta "ina kwana" shafin ya rufe, Dogo ya ƙara masa haƙuri. Sai suka ce in riƙa duba matan da ke ciki ina tura saƙo, su ga ko yana tafiya.

Na wuce mata goma sha shida. Ta goma sha bakwai ba hoto, sai bayani: bazawara ce, shekara sittin, tana son rediyo a hankali, ba ta son hayaniya, kuma ba ta iya zama a ɗakin da babu agogon bango. Na karanta sau uku, harafi harafi, kamar yadda na iya.

Kullum da safe sai in gaishe ta. Ba ta amsa ba. Na ce mace ce mai aji. Mako biyu shiru, na ce kunya ce. Mutumin da yake kwana uku yana neman ƙusar da ta faɗi ƙasa, shirun mace ba zai kore shi ba. Na fara ba ta labarin ciwon gwiwata. Na sayi sabuwar hula, na rage gemu.

A rana ta arba'in na hau benen, ina hutawa a kowace matakala ta biyar.

"Auta, wannan baiwar Allah, ina so a tambayar mini ita ko zan iya zuwa mu gaisa."

Dogo ya shige ƙarƙashin tebur wai yana neman wayar caji. Mai Zane ya fita da tari.

"Baba," in ji Auta, ta rufe baki da hannu, "wallahi mun manta ba mu gaya maka ba. Ba mu buɗe wa jama'a ba tukuna. Duk mu muka ƙirƙiro su don gwaji. Babu ita."

Na cire hular na duba cikinta, kamar a nan amsar take. Na ce, "To wa ya san zancen agogon bango?"

Ta ce da suka kai ta goma sha bakwai dabara ta ƙare musu, sai ta leƙa taga ta rubuta halin Gwaggo mai ɗinki, wadda shagonta yake tsallaken titi.

"Sau nawa ta kawo maka agogonta bana, Baba?"

"Huɗu."

"Me ya same shi?"

Duk zuwan, batir kawai nake cirewa in mayar, in ce mata lafiyarsa ƙalau, ta ɗauka ta tafi.

Titin nan taku ashirin ne. Kwana tara na yi kafin in tsallaka shi, da hantsakina a aljihu don kada a ce ba dalili. Na same ta tana saka zare, rediyo a hankali.

"Ina kwana, Gwaggon yara. Na zo duba agogon."

Ba ta ɗago ba. Ta jawo kujera da ƙafa ta turo mini.

"Lafiya lau, Malam. Agogo dai yana tafiya daidai. Mai gyaransa ne ya makara."